Za mu kai yara 14 sansanin wasannin kasada na kwana biyu: wanne za mu zaɓa, me za mu tambaya?

Uwar_Ayari ta rubuta:

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Iyalai biyar ne muka haɗa kai za mu je wata cibiyar wasannin kasada da ke karkara, irin wadda ake kwana a can. Mu 24 ne, manya 10 da yara 14, ƙaramin cikinsu shekara 5, babban 15. Kwana biyu za mu yi, yini uku.

Sun turo jerin abubuwa tara, sun ce mu zaɓi shida: hawan bango, saukowa da igiya daga hasumiya, tafiya kan igiyoyin sama, wayar sulu (wadda ake ratayewa a zame a kanta daga sama zuwa ƙasa), tuƙin kwalekwale, haɗa jirgin duro, harbin baka, neman hanya da taswira, da zaman bakin wuta da dare. Yara huɗu ba su iya iyo ba, ɗaya yana da asma, manya uku kuma suna tsoron tsayi. Don Allah waɗanda suka san harkar, wanne ya dace da irin wannan gauraye, kuma me ya kamata in tambayi cibiyar kafin mu ba da kafin alƙalami?

Mai_Igiya ya rubuta:

Wa alaikumus salam Malama. Bari in ɗauki ɓangaren sama, na ruwa akwai masu shi.

Kada ki kwashi huɗun nan na sama duka. Ɗamara (abin da ake ɗaura wa mai hawa a jiki a maƙala masa igiya) ɗaya ce, hular kwano ɗaya, zaman jiran layi ɗaya, biyu sun isa. Hawan bango zan sa a gaba, domin a nan ne mai hawa ke da ikon cewa "na tsaya", a sauko da shi ko daga mita biyu ne. Saukowa da igiya kuwa wahalarta a farkonta take: mutum ya juya wa bakin hasumiya baya ya jingina da iska, wanda ya kasa kuma sai ya dawo ta matakala kowa na kallonsa. Manyanki uku su fara da bango, ko su riƙe wutsiyar igiya a ƙasa bayan mai tsaron igiyar. Kada a matsa wa kowa, babba ko yaro. Yaron da aka kunyata a zangon farko yakan ƙi sauran biyar ɗin.

Ɗamara ita ce abin da za ki sa wa ido da kanki. Ta ƙugu tana zama a saman ƙashin ƙugu ne, ba a kansa ko ƙasansa ba. A tura tafin hannu a miƙe tsakanin ciki da ɗamarar, a dunƙule shi, a ja. In ya fito a dunƙule, ta yi sako-sako. Ƙananan yara, kamar 'yan 5 zuwa 7, cikakkiyar ɗamara mai kafaɗu ake sa musu, saboda ƙugunsu bai fito ba kuma nauyinsu ya fi yawa ta sama, suna iya juyewa kai ƙasa su zame daga ta ƙugu. Babba mai teɓa ma haka, ana ƙara masa ta ƙirji. Ki tambaya ko suna da waɗannan, guda nawa. Inda aka fi samun kuskure wuri biyu ne: a ɗaure ɗamara a kan rigar sanyi mai kauri, zafi ya taso yaro ya cire rigar, ɗamarar ta saki, ko yaro ya je bayi ya dawo ya mayar da ita da kansa. Duk wanda ya taɓa ɗamararsa, mai horarwa ya sake dubawa kafin ya bar ƙasa.

Ƙugiyar ƙarfen da ke haɗa ɗamara da igiya, karabina, in an ja ta a tsawonta bakinta a rufe tana ɗaukar aƙalla kilonyutan 20, kusan tan biyu. In ta karkace aka ja ta a faɗinta, ko bakinta a buɗe, ƙarfin yana faɗowa wajen 7. Shi ya sa mai horarwar kirki yake matsa bakin kowace ƙugiya da yatsa bayan ya murɗa makullinta, bai wadatu da kallo ba.

A igiyoyin sama, tambayi wane tsarin maƙalewa suke da shi. Akwai na ƙugiya biyu da mutum ke cirewa da hannunsa ɗaya bayan ɗaya a kowace bishiya ko ginshiƙi, haɗarinsa shi ne yaro ya ruɗe ya cire biyun tare. Akwai wanda ɗaya ba ta buɗuwa sai ɗayar ta kulle. Akwai kuma wanda ake zura ƙugiya a waya tun daga ƙasa, ba ta fita sai an kai ƙarshe. Da yara 'yan ƙasa da 10, na ukun ko na biyun kawai zan yarda da shi. Yawancin wuraren suna da iyakar tsawon jiki da ta nauyi, don haka ki auna yaran tun a gida ki tura musu, kada a je can a mayar da yaro yana kuka.

Wayar sulu daɗi gare ta amma daƙiƙa kaɗan ce, jira ya fi yawa. Yaro marar nauyi yakan tsaya a tsakiyar waya, musamman in iska na fuskantarsa, babba mai nauyi kuma ya iso da gudu. Hannu ba ya taɓa waya ko kusa da 'yar tayar da ke gudu a kanta. A tufke gashi, a cusa gyale da igiyar hular riga cikin riga, a cire zobe.

Tambayoyi uku ga cibiyar. In mutum ya suma a rataye a tsakiyar hanya, wa zai sauko da shi, da wane kaya, cikin minti nawa? Wanda ke rataye a ɗamara ba motsi jini yana taruwa a ƙafafunsa, don haka amsar ta zama ta mintuna, ba "za mu kira agaji" ba. Na biyu, su nuna miki littafin duba kaya: ranar da aka fara amfani da kowace igiya da ranar da aka duba ta. Yawancin masu ƙera igiya da ɗamara shekara 10 suke ba su ko ba a taɓa amfani da su ba, wadda ake aiki da ita kullum kuwa ba ta kusantar haka. Na uku, takardar binciken shekara-shekara daga wani mai bincike na waje. A Turai ma'aunin wuraren igiyoyin sama shi ne EN 15567, wasu ƙasashen suna da nasu.

Matuƙin_Tafki ya rubuta:

Malam Mai_Igiya ya gama da sama. A ruwa, rashin iya iyo bai hana yaran nan huɗu shiga ba, muddin tafki ne mai kwanciya ba kogi ko teku ba, kuma kin sanar da cibiyar a rubuce tun yanzu, da sunan kowane.

Rigunan ruwa iri biyu ne, mutane na haɗa su. Mai taimakon iyo, mai ƙarfin ɗaga mutum a ruwa nyutan 50, ta wanda ya iya iyo ce a ruwa mai kwanciya, ba ta juya mutum fuska sama. Rigar ceto mai abin wuya, nyutan 100 ko 150, ita ce ta wanda bai iya ba, kuma ta yara tana da maɗauri da ke bi ta tsakanin ƙafafu. Bayan an ɗaure, a kama kafaɗun rigar a ɗaga da ƙarfi. In ta haura kunne, a cikin ruwa ma haka za ta yi, yaron ya nutse cikinta har baki.

Ga gauraye irin naku, ki nemi buɗaɗɗen kwalekwale mai cin mutum uku, kuma a haɗa biyu gefe da gefe da sanduna biyu a gicciye. Da wuya irin wannan ya kife, ɗan shekara 5 zai zauna a tsakiya kusa da mahaifinsa. Kayak, wato ƙaramin kwalekwale na mutum ɗaya, ki bar wa 'yan 10 zuwa sama. Kifewa galibi a bakin gaɓa take faruwa, wajen shiga da fita: mutum ya taka gefe maimakon tsakiya, ko biyu su miƙe tare. Ɗaya-ɗaya ake shiga, a durƙushe, hannu biyu a gefuna biyu.

Jirgin duro kuwa ki ɗauke shi, shi ne wanda babba da yaro duk ke da aikin yi. Yawanci ana ba kowace ƙungiya duro huɗu na roba masu lita 200, sanduna shida zuwa takwas masu tsawon mita biyu da rabi zuwa uku, da guntayen igiya. Lissafinsa mai sauƙi ne: duron lita 200 a toshe yana ɗaukar kusan kilo 200 kafin ya nutse, huɗu 800 ke nan, a cire nauyin durorin da sandunan. Amma kada a ɗora fiye da rabin wannan, wajen kilo 400, domin mutane ba sa zama daidai, da zarar sun karkata gefe ɗaya duron gefen ya nutse, jirgin ya juye.

A fara da firam mai kusurwa huɗu a ƙasa, a ɗaure kowace mahaɗa: zagaye uku ko huɗu a kan sandunan biyu, sannan zagaye biyu ko uku a tsakaninsu don matse na farkon. Wannan matsewar ta tsakani ita mutane ke tsallakewa, ita ce kuma ke riƙe jirgin. Kowane duro ya kwanta tsakanin sanduna biyu da tazararsu ta ɗan gaza faɗinsa, a ɗaure shi wuri biyu, kusa da kowane kai. In wuri ɗaya aka ɗaure a tsakiya, zai murɗe ya fice da zarar ya taɓa ruwa. A duba marfin duro a rufe yake, a juyo shi sama. Firam mai faɗi ya fi mai tsawo zama. Kafin a kai ruwa, mutum huɗu su ɗaga shi su girgiza, abin da ya motsa a tudu zai kwance a ruwa.

Haɗarin jirgin duro ba nutsewarsa ba ne, maƙalewa ce. Kada kowa ya zura ƙafa tsakanin sanda da duro ko ƙarƙashin igiya, kada a bar igiya tana reto. Kowa da hular kwano, mai horarwa yana kusa a kwalekwalen ceto da wuƙa a jikinsa.

Sauran abubuwan dubawa: iska da sanyin ruwa. Iskar da ke busowa daga gaɓa zuwa tsakiya ita ce mayaudariya, bakin ruwa ya yi lumui alhali tana tura masu koyo nesa. Tana cikin abin da ya jawo haɗarin Lyme Bay a kudancin Ingila a watan Maris na 1993, inda matasa huɗu 'yan makaranta suka rasu a tafiyar kayak da wata cibiya ta shirya, ga jinkirin sanar da masu ceto. Bayan haka ne Birtaniya ta yi dokar 1995 da ta wajabta lasisi ga irin waɗannan cibiyoyi masu karɓar 'yan ƙasa da 18. Ki tambaya wa ke ba taku cibiyar lasisi, kuma wa ke da ikon soke zango saboda yanayi. Ruwan da sanyinsa ya yi ƙasa da digiri 15 kuma yana sa mutum shaƙar numfashi ba da sonsa ba a minti na farko. A koya wa yara in sun faɗa su kwanta rigingine su bar rigar ta ɗaga su har numfashi ya daidaita, kada su kama iyo nan take. Ruwan sanyi na iya tayar da asma, don haka abin shaƙar yaron ya kasance a jakar da ruwa ba ya shiga, a hannun mai horarwar da ke kan ruwa, ba a ɗakin kwana ba.

A rufe duk wani rauni da filasta mai hana ruwa, a yi wanka bayan an fito. Ruwan da ba ya gudu yana iya ɗaukar cutar da ake samu daga fitsarin ɓera, a ƙasashe masu zafi kuma tsargiya. Wanda zazzaɓi ya kama cikin wata guda bayan dawowa, a gaya wa likita ya shiga tafki.

Maharbiya ta rubuta:

Ki sa harbin baka a cikin shidan, 'yar'uwa, ko don manyan nan uku. Shi ne inda wanda ya ƙi hawa yake rama wa kansa.

Ga masu koyo, baka mai nauyin ja fam 10 zuwa 16 ga yara, 18 zuwa 24 ga manya, tazara mita 5 zuwa 10. Baka mai tauri ba gwaninta ba ce, kafaɗa take ɗagawa ta lalata tsayuwa. 'Yan ƙasa da 8 a ba su kibiya mai kan roba da ke mannewa. Kibiya ta fi tsawon jan mutum da santimita 3 zuwa 5. In ta gaza, tana zamowa daga mazauninta lokacin ja ta soki hannun da ke riƙe da baka, saboda haka dogayen maza su faɗa a ba su dogayen kibau. Ba a sakin tsirkiya babu kibiya, ƙarfin yana komawa jikin bakan ya tsaga shi. A sa kariyar dantse, a ɗan juya gwiwar hannu waje, in ba haka ba tsirkiya ta yi wa mutum bulala. Wanda kibansa ke tafiya gefe ɗaya kullum, a gwada idonsa: mai yiwuwa na-dama ne amma idon hagu ne ke jagora.

Abin mamaki, ana samun rauni wajen ɗebo kibau ma. Yaro ya ruga ya ci karo da gindin kibiyar da ke kafe a allo, ko ya tsaya bayan mai zarewa, a fizgo ta same shi a ido. Ba gudu, a tunkari allo ta gefe, mai zarewa ya waiga kafin ya ja. Kowa kuma yana da ikon ihun "tsaya" in ya ga mutum ko dabba a gaba.

Neman hanya da taswira ki raba shi biyu. Taswirar harabar cibiya takan zama 1:5,000, wato santimita ɗaya mita 50 ce. Ƙanana su yi na tauraro: a je alama ɗaya a dawo wurin mai horarwa, sannan a tafi ta gaba. Manyan yara su yi zagaye bibbiyu ko uku-uku, ba mai rabuwa da ɗan'uwansa. Kuskuren kowa shi ne riƙe taswira rubutu a miƙe maimakon juya ta ta dace da ƙasa, sai dama ta koma hagu. Kamfas, abin da ke nuna arewa, kuma yana ƙarya kusa da waya, shingen ƙarfe ko mota. Kowace ƙungiya da usur da agogo, a sa lokacin dawowa ko an gama ko ba a gama ba, a faɗi iyaka a fili, kamar "kada a tsallake titi ko rafi". Alamar neman agaji busa shida ce, a huta minti ɗaya a maimaita.

Uwar_Ayari ta rubuta:

Allah ya saka muku da alheri. Ke nan bango, igiyoyin sama, kwalekwale, jirgin duro, baka da taswira. To yaya za a jera su a yini uku? Kuma in hadari ya taso fa? Sun ce zaman wuta kyauta ne, ba ya cikin shidan.

Mai_Kula_da_Masauki ya rubuta:

Malama, ki raba mutanenki gida biyu, 12-12, domin mai horarwa ɗaya yakan ɗauki 8 zuwa 12, a ruwa ma ƙasa da haka. Rabon ya bi shekaru, ba gida-gida ba: 'yan 5 zuwa 9 da iyaye shida, manyan yara da iyaye huɗu. A kowace ƙungiya a naɗa babba ɗaya wanda aikinsa ƙirga kawuna ne da kai yaro bayi, domin mai horarwar da ke riƙe da igiya ba zai saki ya bi yaro ba.

Zango yakan ɗauki awa ɗaya da rabi zuwa uku. Ranar isowa ki sa taswira da yamma, yara su san harabar. Rana ta biyu uku: bango da safe, baka, sannan jirgin duro a ƙarshe don a wuce wanka kai tsaye. Rana ta uku sauran biyun.

Tsawa ba a jayayya da ita. Ƙara tana tafiyar kusan kilomita ɗaya a daƙiƙa uku, don haka in tsakanin walƙiya da ƙararta bai kai daƙiƙa 30 ba, a bar ruwa, a sauko daga waya, a shiga gini ko mota, ba gindin bishiya ko rumfa ba. A jira minti 30 bayan ƙara ta ƙarshe. Yayyafi kawai ba ya hana komai. Ki tambaya tun yanzu me suke yi a madadin zangon da aka soke.

Masauki: da isarku a zagaya da yara ƙofofin fita da wurin taruwa in gobara ta tashi. Ɗan ƙasa da shekara 6 ba ya kwana a saman gado mai hawa biyu. Ki tambaya ko akwai wata ƙungiya a ginin, wa ke da makullin ɓangarenku, wane ma'aikaci ke kwana a harabar, da nisan asibiti mafi kusa, domin a karkara waya ba ko'ina take kamawa ba. Ki nemi ganin takardar inshorarsu. Bayanin lafiyar kowa, har manya, ya isa gare su kafin ranar: asma, farfaɗiya, ciwon zuciya, juna biyu, abin da jiki ba ya karɓa.

Kaya: takalmi rufaffe ƙafa biyu, ɗaya tsoho na shiga ruwa mai igiya, ba silifas ba. Sabon takalmi bororo yake kawowa. Wandon jins da rigar auduga suna riƙe ruwa su sanyaya jiki, a sa masu saurin bushewa, sirara biyu ko uku a kan juna maimakon mai kauri ɗaya. Dogon wando don ɗamara da kaska, tawul biyu, tocila, gorar ruwa, hula, da babbar leda ta jiƙaƙƙun kaya. Da dare a duba bayan gwiwa, hammata da bayan kunnen yara, in an ga kaska a kama ta dab da fata da ɗan hantsaki a ja a miƙe.

A bakin wuta a zana da'ira da ba mai tsallakewa sai da izini, bokitin ruwa a kusa, a kula da rigunan nailan don narkewa suke su manne a fata. Ƙuna a sa mata ruwan sanyi mai gudu minti 20, ba man shafawa.

Mai_Igiya ya rubuta:

Na yarda da jerin Malam, sai wuri ɗaya. Kada a bar igiyoyin sama zuwa safiyar ƙarshe. Daren farko yara ba sa barci, dare na biyu gajiya ta taru, kuma a rana ta uku ne hankali ke rabuwa tsakanin wasa da haɗa kaya. Abin da ke bukatar nutsuwa wajen maƙala ƙugiya a yi shi rana ta biyu. Bango da safe, igiyoyin sama bayansa tun ɗamara na jiki, jirgin duro da yamma. Baka da kwalekwale su koma rana ta uku, baka a ƙarshe don a shiga mota da busassun kaya.

Ƙungiyar ƙanana kuma, in ma'aunin tsawo ya hana wasunsu hawa, ki tambaya ko akwai ƙananan igiyoyi, waɗanda ba su wuce rabin mita daga ƙasa ba, babba na tafe a gefen yaro hannu a shirye. Ki sa a rubuta wannan musanyar a takardar yarjejeniya kafin ki biya.